Hocen Irin Shuka

Shekarar da aka hana mu noma saboda aikin dam ɗin Bakolori, muka bar ƙauyenmu na ƙasar Maradun muka kama ɗaki a Talata Mafara. Katafila ta bi ta kan gonar maigidana ta baje ta, aka ce mu jira. Muka yi ta jira har damina biyu.

Gidan hayar cike yake da baƙin da aikin dam ya kawo. Wadda muka fi shiri da ita wata mutumiyar Gana ce, mijinta direban tifa. Matar nan hannunta a sake yake. Yau ta kawo min dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da kifi da yajin da sai na yi hawaye, gobe taliya jajawur da tumatir, wai haka kukun Turawan Italiya masu ginin dam ɗin ya koya wa mijinta. Ranar farko da hannu na kama taliyar, tana zillewa tana faɗa min a zane, muka yi ta dariya. Ni kuma in mayar mata da kwanonta da tuwo ko kwaɗon rama. A wajenmu ba a mayar da kwano wayam, ko gyaɗa ce sai ka zuba.

To, hatsin da muka zo da shi ya ƙare, ta kuwa lura. Rannan ta kawo dafa-duka, ta tsaya a bakin ƙofata, matan gida duk suna tsakar gida, ta ce, “’Yar uwa, juye ki ba ni kwanon yanzu. Ba sai kin sa komai ba.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma wallahi ji na yi kamar ta mare ni. An ɗauke gonarmu, yanzu kuma ni ce zan zama wadda ake ba wa don tausayi?

Na ce, “Bar shi nan. Gobe in kawo maki.”

Abin da ya rage a ɗakin kawai wata ’yar jaka ce ta dawa, irin shuka, maigida ya cakuɗa ta da toka saboda ƙwari ya rataye. Yana fita neman aikin lebura na sauke ta. Na sheƙe tokar, na surfa, na niƙa, na kwaɓa na bari ya yi tsami. Washegari na gasa hoce irin na mutanen Zamfara, na cika kwanon, na ratsa tsakar gida a hankali don kowa ya gani. Ta gutsura ta ci, ta ce sai na koya mata.

Da la’asar maigida ya dawo, ya ɗaga kai ya ga jakar da na mayar na rataye ta lanƙwashe.

“Ke! Mi kinka yi da irin shibka?”

“Hoce na yi. Na maida kwano.”

“Hoce? To mi za mu shibka in an maido muna gona?”

“Malam, damana biyu kana hwaɗin haka. Su sunka ɗauke gona, ban iya hana su ba. Amma ba mai maishe ni abin tausai cikin gidan ga.”

Ya zauna a bakin gado da jakar a hannu. Irin na mahaifinsa ne, kuma na sani tun kafin in sauke. Na ji tausayinsa sosai, amma ban ba shi haƙuri ba.

Can ya ce, “Kin cika mata kwanon dai?”

Na ce, “Har murhi bai ruhu ba.”

Ya ce, “To, madalla.”