Gawon Bakin Rijiya

A ƙauyenmu, can cikin kwarin da ke kudu da Filinge, duk abin da ake ganin girmansa inuwa ake kai shi. Baƙo ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Randa a inuwa take zama, jariri a inuwa, ragon layya ma sai an yi masa rumfa. Jaki kaɗai ake bari a rana, shi ma don ba shi da inda zai kai ƙara. Da wannan tarbiyya muka tashi, kuma ita ce ta jawo mana abin da ya faru da gawon babana.

Gawon yana bakin gonarsa ne, dab da rijiyar da matan gari ke ban ruwan lambunsu. Ba shuka shi ya yi ba. Lokacin yana saurayi an yi babban farin nan da ya ƙarar da shanu, mutane suka sassare itatuwa suna sayarwa don su sami na kaiwa baka, har dajinmu ya koma kamar tafin hannu. Wata damina yana noma sai ya ga ɗan tsiro, bai kai tsawon yatsa ba. Ya kauce masa da hauya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. An ce kakata har dariya ta yi masa, wai mutane na neman hatsi shi yana renon ƙaya. Bai kula ba. Shi a wurinsa hadari itace yake bi, garin da ya sare itatuwansa ya kori ruwansa da hannunsa. Ni da nake koyarwa a makarantar firamare a Filinge, littafin da nake karanta wa yara ma kusan haka ya ce, sai dai shi da dogon Faransanci.

Bayan rasuwar innarmu, Baba ya kusan tarewa a gindin itacen nan. Da hantsi zai ɗauki tabarmarsa da buta da ƴar rediyonsa, ya zauna ƙarƙashin wani babban reshe da ya miƙa wajen arewa, ba zai dawo gida ba sai la'asar. In na zo hutu can nake samunsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Lambun kuwa ƙanwarsa ce shugabar matan da ke cikinsa. Goggona mace ce mai zafin nama da zafin baki, in ta fara magana ko liman sai ya gyara zama. Da guga suke jan ruwa tun asali, amma damina ta riƙa zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri, ruwan rijiya ya yi ta ja da baya, igiya na ƙara tsawo. Suka koma wa wani tsohon inji mai shan esansi, wato fetur. Sai ga shekarar da aka yanke wutar da ke zo mana daga ƙetaren iyaka. A Filinge muka koma ruwan randa da mafici, esansi kuma ya yi wuya, injin lambu ya kwanta. A lokacin ne rediyo ya dage da cewa ƙasa za ta dogara da ranarta, tunda Allah ya ba mu ita har ta yi mana yawa, kuma wutar rana ba ta hayaƙin da ke ɓata sararin sama ya hana ruwa sauka. Baba yana jin wannan magana yana gyaɗa kai, don ta zo daidai da ra'ayinsa.

Tsakiyar damina, ina gida hutun makaranta, sai ga mota da ma'aikatan gwamnati, sun kawo famfon da rana ke tayarwa, da allunan nan masu baƙin gilashi da muke kira pano. Shugabansu wani saurayi ne daga Yamai, mai ladabi, Zabarmancinsa ya fi Hausarsa. Ya ce a nuna masa wuri kusa da rijiya inda zai kafa allunan. Dattawa suka dubi juna, suka dubi Baba. Baba ya tashi ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya nuna ƙasan babban reshen nan.

"Ga wuri nan," in ji shi. "Abin ga baƙonmu na. Ba a aje baƙo ga rana."

Saurayin ya ɗaga kai. Ba ganye ko ɗaya a kan itacen, rana na sauka a fuskarsa ba abin da ya tare ta. Ya ce wurin ya yi. Sauri ma suke yi, don hanyar nan ba a son yamma ta riski mutum a kanta.

Wanda bai san gawo ba, to halinsa daban yake da na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ke kore, shi kaɗe ganyensa yake ya tsaya tsirara. Sai an yi girbi, duniya ta bushe, sannan ya yi lif da ganye. Mu mun san inuwa na nan tafe, ai don ita ma muka ba da wurin. Shi bai tambaya ba, mu kuma ba mu faɗa ba, don ba a yi wa mutum kyauta a tsaya ana yabon ta. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai abin da inuwa ke cutarwa. Aka haƙa ramuka, aka zuba siminti, aka kafa ƙafafun ƙarfe.

Ranar da ruwa ya fara zuba a kwatarniya ba igiya ba esansi, Goggo ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Ta ce, "To, sai su rufe iyakarsu su haɗiye makullin. Rana dai ba ta bi ta shingen ƴan duwan!" Matan suka kwashe da dariya. Bayan girbi suka faɗaɗa shinge, suka dasa albasa da kabeji da dankalin turawa fiye da yadda suka taɓa yi, har da matan da a da ba su da fili a ciki.

Sai gawo ya fara tofo.

Da farko ba wanda ya lura. Ruwan da ke zuwa kamar wuyan tulu ya koma kamar bakin buta, daga baya sai tsakar rana kaɗai yake ɗan tsiyaya. Wasu suka ce famfon ne na jabu, wasu suka ce a yi sadaka. Goggo ta sa aka kira ni, ni kuma na ɗauki hoton wurin da wayata na aika wa saurayin nan. Bai ɓata lokaci ba ya kira ni, muryarsa cike da nadama. Ya ce inuwa ce. Pano ba ya son ko inuwar tsumma, balle ta itace. Na tambaye shi ko za su zo su gusar da allunan. Ya ce yanzu an hana motocinsu bin hanyarmu sai da rakiyar jami'an tsaro, bai san ranar da za a ba su ba, ga kuma siminti da bututun da aka binne. In ana son ruwa a wannan rani, sai dai a raba allunan da itacen.

Ni na kai wa Baba wannan saƙo, kuma na fi son a aike ni ko'ina da in kai shi. Na same shi a ɗaya gefen gawon, inda ya mai da tabarmarsa. Ban gama ba sai ga Goggo, zane a ɗamare.

"Yaya, ka dai ji. A kira masu gatari a kada iccen ga."

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Sun ce don a ceci itatuwa anka kawo shi. Ga shi tun bai shekara ba shina neman kan gawona."

"Albasa na mutuwa, Yaya. Icce za mu ci?"

"Da ke da albasar taki duk kun tarad da shi nan."

Goggo ta yi ta faɗa har ta gaji, ta tafi tana cewa taurin kai gadon gidansu ne, kamar ita ba ƴar gidan ba ce. Ni dai na rasa bayan wanda zan bi. Na ji haushin Goggo da ta ce a kayar, kamar tana maganar kara. Na kuma ga kunyoyin albasa sun fara rawaya, na san gidajen da ke jiran su.

Matan suka koma wa guga. Amma lambun da aka faɗaɗa don famfo ya fi ƙarfin hannu. Tun da sassafe suke ja, rana ta take suna ja, duk da haka layukan da ke can ƙarshen shinge sai da aka sallama su. Duk wannan a gaban idon Baba ake yi, don tabarmarsa ba ta da nisa da bakin rijiyar. Sukan gaishe shi da ladabi su wuce, kuma ina jin wannan gaisuwa ta fi masa faɗan Goggo ciwo.

Da na sake dawowa ƙarshen mako, na tarar da shi tsaye yana kallon sama, hannu a baya. Na tsaya kusa da shi. Can sai ya nuna mini gindin itacen da sandarsa, inda kututturan geron bara suke tsaye da kauri, sun fi na ko'ina a gonar.

"Uwata, kin san mi ya sa hatsi ke son gindin gawo?"

Na ce saboda takin ganyensa.

"Da wannan. Amma dai don shina ba shi wuri na. In hatsi na bukatar rana, sai ya tuɓe rigarshi ya ba shi. Shekara nawa ina zamne nan ina kallo, ban ɗauki komi ba." Sannan ya ce, "Kadawa kam, ba ni kada shi ina da rai. Amma reshen can, a sauke shi."

Ya aika aka sanar da ma'aikacin gandun daji, don a ƙasarmu ba a taɓa gawo haka kawai. Ya kira wani makiyayi da ya saba hawa yana sassabo wa tumakinsa ganye. Kafin mutumin ya hau, Baba ya sa aka kafa masa tsani, ya taka da ƙyar muna riƙe da shi, ya karɓi gatarin ya shata layi a jikin reshen da hannunsa. Ya ce daga nan zuwa waje a sare, daga nan zuwa ciki kada a taɓa. Aka ɗaura igiyoyi, maza suka ja gefe don kada ya faɗa wa allunan, aka bi shi gaɓa-gaɓa. Aka kuma rage na saman da ke wannan ɓangaren. Kusan rabin itacen ya sauka ƙasa a wunin nan.

Ni na yi kuka, ban ɓoye ba. Shi kuwa ya zauna ya ba wurin baya, yana jan carbi. Kafin a gama kwashe rassan sai muka ji famfo ya canza murya, ruwa ya taho da ƙarfinsa. Ba wadda ta yi guɗa. Goggo ta tsaya da guga a hannu, ta dubi bayan yayanta, ta ajiye gugar a hankali. Tumakin gari suka sha ganye har suka ƙoshi. Icen kuwa, duk da wahalar makamashi, ya kwana ya wuni a wurin ba macen da ta ɗauki ko tsinke, sai da Baba ya ce da bakinsa a raba.

Albasar da ta tsira ta yi kyau a shekarar. Goggo ta cika ƙwarya da manyan ciki ta kai masa da kanta, ta ajiye a gefen tabarma, shi kuma ya ce, "Madalla," suka shiga hirar wani abu daban. Ya ci gaba da zama a ɓangaren kudu har ƙarshen ransa, amma ban sake ganin ya zagaya wajen arewa ba.

Gawo ba ya fushi. Kowace kaka, daga inda aka sare sai sababbin rassa su tofo su nufi allunan, dole a sake hawa a rage. Yanzu Baba ba ya nan, Goggo ce ke tsayawa a ƙasa, ta tsufa ta ranƙwafa a kan sanda, amma bakin yana nan. Bara ina wurin mai sassaben ya ce bari ya ƙara ciki kaɗan, a huta da hawa kowace shekara. Goggo ta ɗaga sandarta sama tana kaɗawa.

"Kai, sauko in ba ka iyawa! Kada gatarinka ya wuce inda Yaya ya shata."