Na Cire Abin da Na Gano Don Jin Nauyin Farfesa

A lokacin ina ajin ƙarshe a sashen aikin gona na jami'a, ɗan manomi daga Gafasa. A gidanmu yaro ba ya ɗora magana a kan ta babba, balle ta malami. Da wannan tarbiyyar na shiga jami'a, hadda kuma ta yi ta fid da ni a jarrabawa. Akwai wata malama a sashenmu da ke tara ɗalibai duk Laraba tana koya musu rubutun bincike. Sau ɗaya na leƙa. Na ji tana cewa ɗalibi yana iya saɓa wa marubuci in yana da hujja, na ce a raina wannan ai rashin kunya ake koyarwa, na yi tafiyata.

Binciken kammala digirina a kan adana wake ne. Wata huɗu ina zirga-zirga a babur tsakanin Gaya da ƙauyukanmu, ina buɗe buhuna ina duba ƙwari. Sai na tarar waken da iyayenmu mata ke cuɗawa da toka da barkono ya daɗe ƙwari ba su huda shi ba, saɓanin abin da wani farfesa ya rubuta a littafinsa. Wallahi da idona na gani. Amma da na zauna rubutu sai hannuna ya ƙi. Ni wa, da zan ce farfesa ya yi kuskure? Ko da na so, ban san yadda ake faɗar haka da Turancin jami'a ba tare da ya zama cin fuska ba. Sai na cire babin, na cike gurbinsa da maganganun manya.

Ranar kare binciken, malamin da aka gayyato ya juya takardun ya ce: "Na ji kowa a nan, ban ji ka ba. Kai me ka gano?" Aka ƙara mini shekara, abokaina suka tafi bautar ƙasa suka bar ni. Da na yi wa babana bayani, sai ya ce shi da bai yi boko ba, ba ya ƙaryata idonsa a gonarsa don wani ya rubuta.

Har yau abin yana ci mini rai. Na gane cewa saɓa wa manya cikin ladabi da hujja abu ne da ake koya, kuma an so koya mini, ni na ƙi zama. Ƙannena da ke jami'a, in an kira ku irin wannan ajin ku je, kada ku tsaya jin nauyi. Ni jin nauyi ya cinye mini shekara guda, farfesan kuwa bai ma san ina duniya ba.