Mai Guga da Rediyonsa

Duk layin an san mai guga, siririn dattijon nan mai shago a ƙarƙashin bene, amma an fi sanin matarsa. Rediyo yake ce mata, don tun aurensu bakinta bai huta ba. Tana kan benci tana ninke kaya tana faɗa: ya ƙona kwala, ya cika sanyin jiki, wa ma ya aike ta aurensa? Shi kuwa sai murmushi, yana yayyafa wa riga ruwa.

Da ciwon mantuwa ya kama ta, sunayen 'ya'yanta ne suka fara tafiya, sannan hanyar gida. Da abin ya yi nisa, faɗan ya koma ihu da jifa da kofi, ga hana mutane barci. Bawan Allahn nan ko tsaki bai yi ba. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, ya ɗaura mata ɗankwali a karkace, ya riƙo hannunta zuwa shago. Can zai miƙa mata tsofaffin tawul ta yi ta ninkewa, shi yana warwarewa a ɓoye. Kai, irin wannan haƙuri sai an tona!

Babbar 'yarsu ce ta ga uban ya rame kamar sanda, ta kai su wajen likita. Likitar ta ce akwai sababbin magunguna ga waɗanda ciwon ya yi nisa, ba sa warkarwa, amma suna kwantar da hankali. Aka gwada ɗaya. Ihu ya tsaya, gida ya yi tsit, 'ya'ya suka yi ta hamdala.

Mai guga ne kaɗai hankalinsa ya tashi. Matarsa na zaune da tawul a cinya, ba ta taɓa shi, ba ta cewa uffan. Wata rana ya ƙona tsumma da gangan a gabanta har ƙauri ya cika shagon, ko kai ba ta ɗaga ba. Nan ya ajiye dutsen guga, ya zauna gefenta ya yi kuka.

Ranar komawa asibiti ya riga 'yarsa magana.

"Likita, a rage mata, ko a canza wani. Ta daina yi mini faɗa."

'Yar ta zaro ido. "Haba Baba! Ba abin da muke nema ke nan ba?"

"Ku ke nema. Ku ta manta sunayenku, ni ma ta manta nawa, amma ta san akwai wanda take yi wa faɗa. Shi kaɗai ya rage mini."

Likitar ta ajiye biro. "Ana iya ragewa a hankali, Baba, mu gani. Amma ka sani, ihun na iya dawowa. Barcin da ka samu zai tafi."

Dattijon ya gyara wa matarsa mayafi a kafaɗa, ya ce, "Na yi barcin, likita. Ba shi da daɗi."