Ramin Gwaggo Yagana

Duk Gaya babu wanda ya yi baƙin cikin gyaran titin unguwarmu sai mutum ɗaya, kuma a gidanmu take. Gwaggo Yagana ce, yayar babana. In kun taɓa shiga motar Ajingi da safe kun san ta ko ba ku san sunanta ba. Tsohuwar nan ce mai tsagar Barebari da ke suyar ƙosai a gindin dalbejiya, wadda in ka ce ƙosanta ya yi ƙanana za ta tambaye ka ko ubanka ne ya noma waken.

A ƙauyen Balan aka haife ta, aure ya kawo ta Gaya. Mijinta Malam Kolo wankin hula yake yi, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar ta da yara huɗu da kasko ɗaya. Da kaskon nan ta aurar da mata uku, ta yi wa autanta Auwalu karatu har ya samu aiki a Kano. Amma tsakani da Allah ba kasko kaɗai ya yi wannan aikin ba. Har da ramin.

Wani rami ne a tsakiyar titi daidai gabanta, mai faɗin tabarma biyu. Da damina agwagin unguwa a nan suke wanka. Duk motar da ta zo sai ta rusuna, ko ta waye. Direba ya taka birki, ya lallaɓa ta gefe, kafin ya fice Gwaggo ta miƙa leda biyar ta taga. Shekara ashirin da wani abu tana haka, har kwandastoci suka koma cewa, "Akwai mai sauka a Ramin Yagana?" Ita kuma sai ta gyara ɗaurin kallabi kamar an naɗa ta sarauta.

Kuma wallahi babu abin da za a gina a garin nan Gwaggo ba ta tofa albarkacin bakinta ba, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Da aka kafa fitilun sola cewa ta yi, "An haska wa titi an bar ɗakina. Titin ne zai tsince min wake?" Da wani ya sare bishiyoyi uku ya yi jerin shaguna masu gilashi, kullum sai ta nuna mana shi a zaune a inuwar maƙwabcinsa yana fifita. Adaidaita kuwa jemage take ce mata, wai ita ba mota ba, ita ba babur ba.

Kano ce dai ba a taɓo mata. Sau ɗaya ta je gidan Auwalu, a hawa na biyu yake haya, kwana uku ta tattaro kayanta.

"Gida a sama kamar na tantabara," in ji ta. "Ba tsakar gida, ba inda za ka ɗaure akuya. Na leƙa taga na yi wa wata mata sannu, ta ɗago tana kallona kamar na roƙe ta. Can maƙwabcinka ya mutu sai a waya za ka gani."

To bara sai ga 'yan kwangila da manyan motocinsu. Gari ya ɗauki murna, masu babur har da tayar da ƙura don daɗi. Gwaggo ta yafa mayafi ta je ta samu shugaban aikin, wani mai hular roba.

"Ɗan nan, sannu da aiki. Ku gyara ko'ina, Allah ya yi muku albarka. Nan wajen dai ku bar min."

Ya ɗauka wasa take, ya yi ta dariya har da kiran abokansa su zo su ji. Ko rabin awa ba su yi ba suka shafe ramin. Gwaggo na tsaye da matsami a hannu kamar an binne mata ɗan'uwa. Ba su tsaya nan ba, suka haƙa lambatu mai zurfi, ya kai ƙugun mutum, suka ratsa shi tsakanin dalbejiyarta da titi. Murfin siminti na tsallakewa guda biyu kacal suka sa a duk layin, ɗaya a ƙofar gidan mai, ɗaya can gaban gidan wani Alhaji da ba ya ma kwana a garin.

Daga ranar motoci suka koma wucewa fuu, sai dai iskarsu ta kaɗa mata wuta. Mai jiƙa wake kwano uku ta koma rabin kwano, shi ma sai ya yi kwantai. Mu muka sha wahalar. Ƙosai da safe, ƙosai da rana, da yamma a farfasa shi a zuba a miya. Yaran gidanmu in suka hango ta da roba a ka sai su watse.

Labari ya kai wa Auwalu, ya zo ranar wata Lahadi ya durƙusa a gabanta.

"Iya, ya isa haka. Kin yi mana, Allah ya saka. Ƙarshen watan nan zan zo da mota mu tafi. Na gyara miki ɗaki, har da fanka."

"Fankar za ta yi min hira?"

"Iya, ba ciniki kike ba, rana kawai kike sha."

"In ƙosaina yana ƙarewa fa?"

Ya yi murmushin 'yan boko. "In na zo na tarar ya ƙare kafin hantsi, na bar ki. In ya yi saura, ki shiga mota ba musu."

Ta ce ta yarda. Da ya tafi ta shige ɗaki, ko abincin rana ba ta ci ba. Ni ban taɓa ganin tsoro a idon Gwaggo ba sai ranar. Matar da ta taɓa kora ɗan daba da itacen wuta, ga ta benen Kano ya karya mata gwiwa.

Kwana biyu bayan nan, ana idar da sallar asuba ta leƙo ɗakinmu.

"Safara'u, ɗauko baro da fartanya."

"Gwaggo, ni ɗinki ne a gabana, kayan biki ne."

"To. Bari babanki ya shigo na tambaye shi ko ya san mai kiran nan naki da kike shiga bayan rumbu ki amsa."

Na ɗauko baro.

Dabararta ita ce mu yi tudun rage gudu, irin wanda ake yi a gaban makarantu, motoci su dawo suna rusuna mata. Muka yi ta jidar jar ƙasa da fasassun bulo. Matsalar ita ce Gwaggo ba ta taɓa gina tudun titi ba. 'Yar Balan ce, kunyar dankali ta iya. Haka ta ja ta daga wannan gefe zuwa wancan, doguwa, mai tsini, ta daddaɓe ta da bayan fartanya, ta ja baya tana yaba aikinta. Na ce, "Gwaggo, anya bai yi tsawo ba?" Ta ce wanda bai taɓa noma ba ba ya gyara wa manomi kunya.

Motar farko da ta taho ta Tukur ce. Tukur Bafulatani ne, ya fi shekara ashirin yana jan bas tsakanin Gaya da Ajingi, kuma kun san Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya taho da gudunsa na sabon titi, bai ankara ba sai ji muka yi garam! Motar ta yi sama ta dawo, salansa ta cire ta bi titi tana ƙara. Wata mata da ke riƙe da ƙwaryar nono a cinya ta yi wa mutum uku wanka. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai salati da zage-zage.

Tukur ya fito yana huci, ya ga kunya, ya ga baro a hannuna, ya ga Gwaggo. Sai ya dafe kai.

"Na shiga uku. Yagana! Dankali za ki shuka a titin gwamnati?"

"Kai dai ka gode Allah. Shekara nawa kana wuce uwargijiyarka ba gaisuwa, yau motarka ta fi ka ladabi, ta durƙusa."

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, aka kira mai unguwa Inuwa. Ya sa samari suka baje mana aikinmu a gaban idonmu, ya yi wa Gwaggo faɗa sosai, ya ce da babur ne ya hau da yanzu wani zancen ake. Wannan kam ta sunkuyar da kai, don ta san gaskiya ne. Sannan ya juya wajen Tukur ya tambaye shi ko yana ƙara a kan salansarsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya taɓa kai ƙarar baiwarsa? Ai abin kunya ne a rugarmu."

Mai unguwa ya kaɗe rigarsa ya ce shi ba ya shiga tsakanin Babarbariya da Bafulatani, ya yi tafiyarsa. Mai nono ce kawai ba ta san wasa ba, sai da Gwaggo ta cika mata ƙwaryar da ƙosai ta yi shiru.

Ana ɗaure salansa da waya, Tukur ya zagayo ya zauna a bencinta yana cin ƙosan da bai saya ba.

"Yagana, kin tsufa wayonki bai tsufa ba, don dama babu. A ce ma na tsaya. Hannunki zai kai taga? Ga wannan lambatun a tsakani, ko so kike fasinja ya yi tsalle?"

Ta juya ƙosan da ke kasko, shi kuwa ya ci gaba.

"Mutanen bayan layin nan duk a gabanki suke tsayawa da. Yanzu sai sun zagaya har gidan mai kafin su hau titi. Mu kuma direbobi inda muka ga kawuna a tsaye nan muke taka birki. Ba ramin muke so ba, ke ma kin sani."

Gwaggo ta kalli lambatu, ta kalli lungun da ya fito daga cikin unguwa ya ƙare a bayan bishiyarta. Can ta ce, "Tukur, ƙofar tsohuwar motarka da ke yashe a bayan gidanka, kaji na kashi a kai."

"Me ya same ta?"

"Na karɓe."

"Ki cire min salansa, ki ci min ƙofa?"

"Kayan bawa na waye?"

Washegari sai ga shi da ita a ɗaure a saman bas, yana ta mitar cewa Barebari ba su da godiya. Ƙofar nan ce mai zugewa, an rufe gurbin gilashin da katako. Aka kwantar da ita a kan lambatu daidai bakin lungu, aka tokare da duwatsu, ta zauna daram, har da rubutun Gaya–Ajingi a jikinta.

Ranar farko akuyoyi ne kawai suka hau. Rana ta biyu 'yan Islamiyya suka gano ta, suka yi ta tsalle a kai har Gwaggo ta bi su da matsami. Daga nan sai mata masu zuwa awo asibiti, sai masu tallan gyaɗa, sai dattawan da gwiwa ta hana su zagaye. Sati bai cika ba masu adaidaita suka fara yin layi a wajen, jemagun nan da take zagi, yanzu "'ya'yana" take ce musu. Basa-basan Ajingi ma suka dawo tsayawa, ranar kasuwa har sai na ajiye keken ɗinki na zo kallo.

Ƙarshen wata Auwalu ya zo da motar abokinsa, rana ta ɗan ɗaga. Bai samu wajen tsayawa ba, sai can gaba ya ajiye ta ya tako. Ya tsaya a bakin ƙofar Tukur yana gwada ta da ƙafa ɗaya, da takalminsa mai sheƙi, wata yarinya da tire a ka ta ce, "Malam, in ba za ka wuce ba ka ba mu hanya."

Ya tarar Gwaggo tana wanke kasko.

"Iya, ina kwana. Ina nawa ƙosan?"

"Ya ƙare."

Bai yarda ba. Ya ɗaga roba, ya leƙa ƙarƙashin benci, har buhun gawayi sai da ya buɗe, ya san halin uwarsa. Ya juyo wajena, na ce ni ma ban samu ba, kuma ban yi kewar ƙosan ba.

"Iya, wannan ƙofar fa ba a kan ƙa'ida take ba. Wata rana za a zo a ɗauke."

"Su ɗauke, su kawo ta siminti, na gode musu. In ba su kawo ba, Tukur yana da wata a jikin motar da yake ja."

Auwalu ya zauna a benci ya yi ta dariya har da hawaye, sannan ya ce to fankar fa. Ta ce ya kawo mata nan, za ta san yadda za ta yi da ita. Ta sa aka ɗauko buhun gyaɗa da ƙullin kuka na matarsa, ta bi shi har mota, ta ce a ɗora a gidan gaba inda ya shimfiɗa mata darduma don ta zauna.

"Ɗaura wa buhun bel ɗin," in ji ta. "Shi ba ya tsoron bene."