Lomar Yatsu Biyu

Kwana goma sha ɗaya kwanon Baba yana dawo mini kamar yadda na aika shi.

Baba uban mijina ne, tsohon masunci, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kwale-kwale tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadama. A ƙarshen daminar waccan shekarar, hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti baki ya dawo, ƙafa yana jan ta, hannun ne dai ya ƙi. Likita ya ce a rage gishiri, a rage mai, a riƙa ba shi abu mai laushi, har ya ambaci dankalin turawa: a dafa ya yi luguf, a murje.

To, na dafa, na murje. Na zuba a kwanon da ya fi kowane kyau a ɗakina, na ɗora cokali. Gwaggo, ƙanwarsa da ta zo jinya daga garin Malam Madori, ita ke kai masa, don ni iyakata ƙofar ɗakin. A gidanmu matar ɗa ba ta zama a gaban uban miji, balle ta tsare shi da ido yana ci. Ba a jima ba Gwaggo ta fito da kwanon a rufe.

"Ya ce ya ƙoshi."

Kashegari ma ya ƙoshi. Rana ta uku ma haka. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, sai na ɗauka girkina ake rainawa. Shekara tara ina tuƙa masa tuwo bai taɓa dawo da ko loma ba, yau kuma hannuna ne ya yi ɗaci? Na sa man shanu kaɗan, kwano ya dawo. Na sa albasa, ya dawo. Na yi fate, na yi tuwon shinkafa mai ruwa-ruwa, duk kanwar ja ce. Kunu kaɗai yake sha. Kullum Gwaggo tana cewa wuyansa ya ƙara ramewa, ga ƙwayoyin magani da aka ce kada a haɗiye su da yunwa. Maigidana yana Auyo wajen yankan shinkafa, fitar asuba dawowar magariba. Ranar da ya zauna ya ɗebo da cokali ya nufi bakin ubansa, har tsakar gida na jiyo muryar Baba:

"Kai, ni ka mayar jariri? Tashi ka ba ni wuri!"

Gwaggo ma ta gwada, ta sha nata. A nan fushina ya huce, tsoro ya shige ni. Mutum ba ya rayuwa da kunu, kuma a gabanmu tsohon nan yake ƙarewa.

Tambayarsa ba zan iya ba. Sai na koma tambayar kwano. Duk sa'ad da Gwaggo ta dawo da shi, in shige kicin in buɗe in ƙura masa ido kamar mai duba. Abu na farko da na lura, cokalin a bushe yake dawowa, ko alamar taɓawa babu. Na biyu, kofin kunu tas, har da ɗigo a gefensa na waje. Rannan kuma, da na karkata kwanon wajen haske, sai ga layi biyu a kan dankalin, sun taso daga tsakiya sun nufi baki, ba zurfi, kamar tonon kaza.

"Gwaggo, ke kika taɓa?"

"Ni? Me zan yi da wannan abu mai kama da fanke ɗanye?"

Ashe yunwa yake ji! In an fita yana gwadawa. Na ce, "To, Gwaggo, ba ga hagunsa lafiya lau ba?"

Ta dube ni kamar na zagi wani. "Hagu? Yayan nawa? Ke 'yar nan ba ki san shi ba. Mijinki ya gaya masa malam ya ce in da larura babu laifi. Kin san abin da ya ce? Wai malam ya ci da tasa."

Na yi dariya ban shirya ba. Kunun fa? Ta ce kofin yana tallafe shi da bayan hannun dama, hagu tana taimakawa, ka ga dai da dama ya sha. Na sake tambaya, a hannun nan akwai abin da ke motsi? Ta ce babban yatsa da manuni, da su yake jan carbi, sauran ukun sun lanƙwashe sun yi shiru. Layi biyun nan ke nan.

Abin ya tsaya mini a rai. Da azahar, yara suna makarantar allo, na janyo ƙofar kicin, na lanƙwashe yatsuna uku na ɗaure su da bakin ɗankwali. Na ce bari in ji abin da Baba ke ji. Na kai hannu cikin dankalin da na murje da zafinsa. Wayyo! Sai ya zame ta tsakanin yatsun, ya damalmale, abin da ya iso bakina bai kai cin tsuntsu ba. Tuwo kuwa ko yankuwa ya ƙi. Cokali na ɗauko shi, amma kafin ya yi rabin hanya ya juye a zanena. Da wani ya leƙo a lokacin, cewa zai yi matar gidan nan ta taɓu.

Ina cikin goge zane idona ya faɗa kan tukunyar jiya. Ragowar dankalin ne, wanda yara suka ƙi, ni ma na gaji da shi, zubarwa kuma ba na iyawa. Ya kwana ya sandare, har ya janye jiki daga gefen tukunya. Na sa yatsu biyun na ɓantaro. Ya ɗauku! Ya tsaya a hannuna kamar ƙiftawar ido uku, sannan ya rabe biyu ya faɗi. Na ce a'a, ashe kai kwana kake so. To, in aka yi maka ɓawo a waje fa, cikin ya zauna da laushinsa?

Gwajin farko hauka na yi. Na ɗora kasko na malala mai, na jefa shi kamar ƙosai. Ya tarwatse, mai ya fantsamo mini a damtse, na zagi dankalin nan har da motar da ta kawo shi daga Jos. Kuma ko da ya yi, wa zai ba mai hawan jini abin da ya yi iyo a mai? Na fasa ƙwai ɗaya a ciki, ya yi ruwa. Na zuba fulawa, hannuna ya zarce, ya fito kamar danƙo, akuya ce ta amfana. Sai a rana ta biyu na tuna da garin shinkafar da ya rage mini na waina. Cikin tafi ɗaya ya isa. Na goga albasa, na ɓare bandar tarwaɗa na tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, don mutumin da ya yi rayuwarsa a ruwa ba zai rasa gane ƙamshin kifi ba ko babu gishiri. Kasko kuma na ajiye shi, na ɗauko tanda, na shafe gurbin da tsumman mai kawai.

Wuta ma sai da na koyi halinta. In ta yi yawa waje ya ƙone ciki na sanyi. In aka yi garajen juyawa ya farfashe. Sai an bar shi har gefen ya yi ja ya saki tandar da kansa.

Kowace wainar dankali na kwashe, da ɗaurarren hannuna nake gwada ta. Manya nauyinsu ke karya su. Ƙananan sun fi, kamar faɗin bakin kofin shayi. Na kuma gano wani abu da ban zata ba: in suna kwance a faranti, yatsa tura su yake yi suna gudu, babu inda za a kama. Sai na jera su a jingine da juna, kowace bakinta a sama.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, na miƙa wa Gwaggo guda bakwai.

"Ina cokali?"

"A bar shi, Gwaggo. Kuma don Allah in kin ajiye ki fito, ki ce za ki yi alwala."

"Oh ni! Yaushe kika zama likita?" Ta dai karɓa tana ƙunƙuni.

Abin da na yi bayan nan, har yau ban gaya wa maigidana ba. Na kasa zama. Na lallaɓa na tsaya a gefen ƙofar, na sa ido ɗaya a tsagar asabari.

Yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango. Na daɗe ban gan shi kusa haka ba, rigar ta yi masa yawa. Ya dubi farantin, ya dubi ƙofa. Ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya sa hagu ya ɗago hannun dama ta gwiwa, ya kai shi bakin faranti. Ya kama ta farko, ta kuɓuce. Ya sake kamawa, ya ɗago ta kamar taƙi guda, ta faɗo a cinyarsa. Na ciji leɓe, saura kaɗan in ce wayyo. Bai taɓa ta da hagu ba. Ya bi ta a kan rigar da yatsun nan har ya damƙe, ya sunkuyo da kai ya tarye ta a hanya. Na ji ya ce bismillah.

Ya tauna a hankali, ido a rufe. Ya haɗiye, ya jira, bai sarƙe ba. Ya kai hannu ga ta biyu.

Huɗu ya ci. Ya daɗe, har ƙafata ta yi sanyi, ban motsa ba. Ina shirin zamewa sai na ji muryarsa, ba tare da ya ɗaga ta ba.

"Mai tsayuwa a bayan asabari."

Na durƙushe a inda nake. "Na'am, Baba."

"Tun da aka dawo da ni gidan nan, ba wanda ya kawo mini ruwan wanke hannu."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Mun kawo magani, mun kawo matashin kai, mun kawo cokali. Mu duka, har da ni mai ɗaure yatsu a kicin, mun riga mun cire hannun nan daga lissafi, shi kaɗai ne bai cire ba. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zo mini.

Na ɗauko buta da kwano da sabulu. Na duba, Gwaggo ta tayar da sallar walaha. Na ɗaga asabarin na shiga da rarrafe, kaina a ƙasa. Ya miƙo hannun, hagu tana tallafe da shi. Na zuba ruwa yana murzawa. Da na tsaya sai ya ce in ƙara, akwai sauran maiƙo a tsakanin yatsun. Na ƙara.