Shuɗin Salatif

Ba wanda ya san sunansa na yanka a gidan benen nan. Baba Tasta ake ce masa, saboda ɗan abin gwada wuta da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ja wa gine-ginen mutane waya, har ranar da ya faɗo daga tsani ƙugunsa ya goce. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure nesa. Mai gidan ya ba shi ɗakin ƙarƙashin matakala, ba haya, a kan ya riƙa share farfajiya yana canza ƙwan fitila. Mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ɗakin, amma shi ke nan abin da ya rage masa a duniya.

Allon mitocin gidan a jikin bangonsa yake. Shi ya sa shi ya fara ganin wayar satar wuta da ta zagaye mitar mai sayar da ƙanƙara na hawa na biyu. Tsirara take, an murɗa ta da hannu, ta bi ƙarfen da yara ke dafawa in za su hau bene.

Baba ya tare mai ƙanƙara a ƙofa. "Ɗana, wayar nan za ta kashe wani."

"Wace waya, Baba? Idon ne ya fara tafiya?" Mai ƙanƙara ya kwashe da dariya. "Kai da ke kwana a ramin ɓera, ina ruwanka da harkar sama?"

Kai ƙara na nufin rigima da mutumin da mai gida ke ba hannu biyu. Baba bai kai ba. Ya ɗauko shuɗin salatif ɗinsa, ya naɗe wayar tsaf, ya ɗage ta daga ƙarfen. Ba a jima ba telan gidan shi ma ya ja tasa wayar, sai matar direba mai injin markaɗe. Duk wayar da ta fito tsirara, Baba ya bi ta ya suturta. Ko sannu ba wanda ya ce masa.

Wata rana da hantsi allon ya yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe matakala. Ba a rasa rai ba. Ma'aikatan kamfanin wuta suka zo, babbansu ya duƙa ya daɗe yana duban wayoyin.

"Wannan naɗin na gwani ne," ya ce. "Hannu ɗaya ya yi su duka. Wane ne?"

Mai ƙanƙara ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mu me muka sani a wuta? Ni ko ƙwan fitila ban iya sawa ba. Tsohon nan ya ce mitocinmu na da ciwo, zai gyara."

"Wallahi har kashedi na yi masa," in ji tela.

Matar direba ta sunkuyar da kai tana gyara goyo.

"Ni ban ja ba," Baba ya ce. "Rufewa kawai na yi."

"To, kun ji da bakinsa," in ji mai ƙanƙara.

A ƙarƙashin matashinsa aka sami ragowar salatif ɗin. Kamfani ya ci tarar mai gida, shi kuma ya huce a kan Baba.

"Na ba ka inuwa, kai kuma ka tashi ƙona ni da dukiyata? Tattara komatsanka. Kada la'asar ta same ka a nan."

Komatsan ba su cika buhu ba. Yana jan ƙafa zuwa bakin titi sai matar direba ta leƙo ta taga.

"Baba, tsaya don Allah! Kafin ka wuce, dutsen gugar nan yana jan hannu."

Ta sauko da shi da gudu. Baba ya ajiye buhun, ya zauna a bakin kwata ya fara kwance shi. A bayansa mai ƙanƙara ya duƙa cikin ɗakin yana aunawa da igiya, ya ga ko zai ɗauki wata firiza.