Kwanon Maƙwabciyata

Littafin nan na Japan ba ni na saye shi ba. Wani abokin aikina ne ya bar shi a teburina da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas. Na ɗauka ne kawai saboda hanyar Mpape, unguwar da nake zaune, domin idan motoci suka cushe a gangaren dutsen nan da safe, mutum sai ya yi sa'a guda a motar ma'aikata yana kallon ƙeyar na gabansa.

Fassarar Turanci ce. Labarin wani ma'aikaci ne a Tokyo, yana zaune shi kaɗai a hawa na sha ɗaya. Ba mata, ba 'ya'ya, har na kai tsakiyar littafin ban ji an ambaci ko ɗan'uwansa ɗaya ba. Ya tafi ofis, ya dawo, ya zauna yana tambayar kansa abin da ya zo yi duniya. Wata rana sai ya lura barandar da ke tsakanin ƙofarsa da ta maƙwabcinsa ta ƙara tsawo. Duk ranar da ya wuni bai yi magana da kowa ba, sai ta ƙaru da taku ɗaya. Kuma mutumin ko a jikinsa, sai dai ya auna ya rubuta.

Haushi ya riƙa ba ni. Na gaya wa wanda muke zama kujera ɗaya a mota cewa wannan bawan Allah ba abin da ke damunsa illa rashin gaisuwa, da a Zariya yake da kwana biyu ba za a yi ba an warkar da shi. Na faɗi haka da cika baki, alhali a lokacin akwai wani kwano a saman firjina da ya yi wata biyu ina kauce wa kallonsa.

Iyalina suna Zariya, ni kaɗai nake zaune a ɗaki ciki da falo. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata dattijuwa ce 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam. Taku uku ne tsakaninmu. Ranar Kirsimeti ta ƙwanƙwasa mini, ta miƙo kwanon silba mai murfi cike da shinkafa da kaza. Na cinye tas, har ƙashin ban bari ba, na wanke kwanon na goge.

A nan matsalar ta fara. A gidanmu ba a mayar da kwano haka nan. Mahaifiyata ko gyaɗa ce sai ta zuba, kuma na tashi ina ganin mayar da kwano wayam kamar zagi ne. Ni kuwa ban iya dafa komai ba sai shayi. In sayo abincin kanti in juye, na ga raini ne ga matar da ta tsaya a kan wuta. Sai na ce bari in jira matata ta aiko da dambun nama. Dambun ya zo a ranar aiki, 'yan ofis suka yi masa rubdugu kafin la'asar. Na ce to, idan na je gida hutun Sallah zan taho mata da wani abu na mutunci. Na je, na dawo, sai a Zuba, na kusa isowa, na tuna.

Kullum aka ƙara kwana, abin da ya kamata in zuba a kwanon yana ƙara girma a idona, kunyata ma haka. Na fara sauraron motsinta kafin in fita. In na ji tana kulle ƙofa, sai in tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. In muka yi kiciɓis, gaisuwar da muke yi da can, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya in tambayi ƙafarta mai ciwo, ta koma “sannu Mama” da sauri ina duban waya. Ita ma daga baya ta daina tsayawa.

Na gama littafin a wata na biyar. Mutumin ya ɗaure guzuri a jaka ya kama hanyar ƙofar maƙwabcinsa, wadda yanzu ko hango ta ba ya yi. Yana cikin tafiya littafin ya ƙare. Na juya shafin ƙarshe ko an yage wani abu, ba a yage ba. Na yi tsaki har direba ya waiwayo.

Asabar ɗin makon na ga kwalaye jere a ƙofar Mama. Mai gidan da muke haya ya ce ai ta yi ritaya, jibi za ta koma garinsu. Na kira matata, ta riƙa yi mini bayanin dafa-duka ta waya tana dariya, ni ina zufa. Shinkafar ta caɓe, gindin tukunya ya kama, amma na cika kwanon. Na fita, na yi taku ukun nan, na yi sallama.

Ta buɗe, ta dubi kwanon, ta dube ni. Na shiga kame-kame, ina ba ta labarin dambu da Zuba da mahaifiyata. Ta saurare ni har na gama.

“Malam, kenan ka ci abincin?”

Na ce na cinye a ranar.

Ta zauna a kan wani kwali. “Ni na ɗauka ka zubar, shi ya sa kana gudu na. Na ce wataƙila Malam ba ya ci abincin Kirsimeti. Kazan nan fa, har masallacin bakin hanya na kai shi, liman ya yanka, saboda kai.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wata biyar matar nan tana kwana tana tashi da zaton na ƙyamaci abincinta, ni kuma ina can ina taƙama da tarbiyyar gidanmu. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Ta ɗanɗana shinkafar, ta ce gishirin ma bai ji ba, ta yi dariya har da hawaye. Muka zauna kan kwalaye muna hira har aka kira la'asar, masu fasa dutse suna ta aikinsu da nakiya can saman unguwar, tagogi suna rawa. A ranar na san sunayen 'ya'yanta, bayan shekara biyu muna kallon ƙofar juna.

Ran Litinin na fita aiki tun kafin motar kayanta ta iso. Da na dawo da yamma, ɗakinta a buɗe, ba komai sai igiyar shanya. A bakin ƙofata kuwa ga kwanon nan na silba, an ɗaure shi da ɗankwali. Na buɗe, gwaten acca ne, ya huce. Ita ma ashe a garinsu ba a mayar da kwano haka nan, ko da kwanon nata ne.

Na ci, na wanke, na goge. Yana nan a saman firji, littafin yana gefensa. Yanzu na iya dafa-duka sosai, har da miyar kuka, amma ban tambaye ta sunan ƙauyensu ba.